Jimla ɗaya, suna huɗu: wasu matsaloli game da kalmomin adon harshe

0. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda jimla ce guda ɗaya da muka ba ɗalibai a wani darasi na nazarin salo, muka ce kowa ya faɗi sunan adon da ke cikinta:

(1) Audu zaki ne.

Wanda ya fito daga lise, ya yi bak ɗinsa da Faransanci, ya ce métaphore ce. Wanda ya karanta littattafan da ke zo mana daga Kano da Sakkwato ya ce siffantawa ce. Na kusa da shi ya ce a'a, dabbantarwa ce, tun da an mayar da mutum dabba. Wani kuma da ya yi karatun zaure kafin ya shigo jami'a ya ce a ilimin balaga wannan tashbihi ne, ba isti'ara ba, wato dangin kamantawa ne. Kowanensu ya faɗi daidai bisa littafin da ya karanta. Malamin da zai ba da maki shi ne ya rasa ta cewa.

Da a ce maganar ta tsaya cikin aji, da sai mu bar ta can. Amma tun daga watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, tambayar da wace kalma za a koyar da adabi ta tashi daga hirar malamai ta zama aiki. Abin da muka rubuta a kan allo yau shi ne ɗalibanmu za su kai kolej da lise gobe, kuma kalmar da ta shiga littafin makaranta da wuya ta sake fita. Nufinmu a nan shi ne mu auna wasu daga cikin kalmomin da idon mai nazarin harshe, mu ga inda suke aiki da inda suke rikita ɗalibi.

1. Rijiyoyi uku

Kalmomin da muke feɗe rubutu da su daga wuri uku suka fito, kuma ba tambaya ɗaya aka yi su domin amsawa ba.

Na farko su ne na gida: kirari, take, zambo, habaici, gatse, gugar zana, baƙar magana, ba'a, shaguɓe, karin magana. Babu wani kwamiti da ya zauna ya ƙirƙiro su. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana rarrabe habaici da gatse, ba ta kuskure. Irin su kirari da zambo da habaici suna nan cikin ƙamusun Bargery na 1934 a matsayin kalmomin yau da kullum.

Na biyu su ne na balagar Larabci, waɗanda suka daɗe a zaurukan malamai. Tushen wannan ilimi yana wurin Abdulƙahir al-Jurjani (ya rasu 1078). As-Sakkaki (ya rasu 1229) ya tsara shi, al-Ƙazwini (ya rasu 1338) ya taƙaita shi, har ya tsaya kashi uku: ma'ani, bayani da badi'i. A ƙasashenmu an fi saninsa ta hanyar waƙaƙƙun littattafai biyu, Uƙudul Jumani na Suyuɗi (ya rasu 1505), malamin nan da ya yi wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙa, da Jauharul Maknuni na Abdurrahman al-Ahalari, wanda kowane almajiri ya san ɗan littafinsa na fiƙihu. Daga nan muka sami tashbihi, isti'ara, majazi da kinaya.

Na uku su ne na boko, kuma su kansu kashi biyu ne saboda iyakar da ta raba mu. A Najeriya an ƙera kalmomin Hausa gaba da gaba da na Ingilishi: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa da rassanta (mutuntarwa, dabbantarwa, abuntarwa), alamtarwa, kambamawa. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da littattafai irin su Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya (2001) da Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo (2007), suna cikin ayyukan da ɗalibanmu suka fi dogara da su. A Nijar kuwa abin da ke cikin kanmu gadon Dumarsais ne (1730) da na Fontanier, wanda Genette ya haɗa littattafansa biyu na 1821 da 1827 ya sake bugawa a 1968 da sunan Les Figures du discours. Abin da muke yi a aikace shi ne mu ɗauko kalmar da aka ɗinka wa Ingilishi mu sa wa Faransanci, muna fatan za ta zauna daidai. Wani lokaci ta zauna. Kamantawa da comparaison ba su da rigima: akwai kalmar haɗi a fili (kamar, tamkar, sai ka ce, ko awa a bakin mutanen Adar da Gobir), kuma rabon da aka yi mata zuwa ta daidaito, ta fifiko da ta kasawa ya dace da nahawun Hausa, tun da da aikatau muke gina fifiko (ya fi, ya kai, bai kai ba). Ba za mu tsaya kanta ba.

2. Siffantawa da ƴan uwanta

2.1 Matsala ta farko ta ƙirar kalma ce. Yawancin waɗannan kalmomi an gina su ne da ɗafa-ƙeyar -ta ko -nta mai mayar da suna aikatau, wani lokaci a ƙara -ar ta aji na 5 a tsarin Parsons (1960), sannan a rufe da -wa. Hanyar halal ce a Hausa, babu wanda zai ce an yi wa harshe dole. Sai dai wasu daga cikin aikatau ɗin sun riga sun sami ma'ana a bakin mutane kafin masu nazari su iso:

(2) a. Siffanta mini ɓarawon.
b. Ya mutunta baƙonsa.

A (2a) ana neman a faɗi tsawonsa da launin rigarsa ne, babu wani aro na ma'ana. A (2b) girmamawa ake nufi, daga mutunci. Haka kuma a darasin nahawu mun riga mun ba ɗalibi kalmar siffa a matsayin sunan ajin kalmomi irin su fari, dogo, ƙarami. Saboda haka kada a yi mamaki in ya ga "doguwar riga fara" cikin labari ya rubuta cewa marubuci ya yi amfani da siffantawa. Mun sha ganin haka cikin takardun jarrabawa, kuma a ganinmu laifin ba na ɗalibin ba ne shi kaɗai: Hausarsa ce ta gaya masa haka, mu ne muka ba kalmar ma'ana ta biyu ba mu faɗa masa ba.

2.2 Matsala ta biyu ta fi nauyi. Siffantawa da jinsintarwa ba a kan ma'auni ɗaya aka yanke su ba. Siffantawa tana magana kan yadda aka yi aron, wato ba tare da kalmar haɗi ba. Jinsintarwa tana magana kan inda aka aro da inda aka kai: daga mutum, daga dabba, ko daga abu maras rai. Tun da ma'auni biyu ne, dole su haɗu a kan jimla ɗaya, kamar yadda suka haɗu a (1). Ɗaliban nan biyu da suka yi gardama ba su saɓa ba, tambayoyi biyu dabam suka amsa.

Har ma sunan dabbantarwa yana faɗin abin da nahawu bai faɗa ba. A duba:

(3) Audu kura ne.

Kura tamata ce, amma abin da aka fi ji shi ne ne, ba ce ba. Madanganci ya bi Audu. Wato jimlar ba ta mayar da shi dabba ba: ta bar shi mutum, namiji, ta ɗora masa wani abu guda daga halin kura. Wane abu? Wannan ita ce tambayar da ya kamata kundin ɗalibi ya amsa, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

A nan balaga ta fi mu tsari, mu faɗi gaskiya. Ta ce tashbihi yana da rukunai huɗu: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar haɗi, da fuskar kama. Daga nan sai a yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya:

(4) a. Audu kamar zaki yake wajen jarumta.
b. Audu kamar zaki yake.
c. Audu zaki ne.
d. Zakin ya shigo fili, ya ɗaure ɗamararsa.
e. Audu ya yi ruri, fili ya yi tsit.

A (4a) rukunan huɗu suna nan. A (4b) an cire fuskar kama. A (4c) an cire kalmar haɗi ita ma, amma tun da Audu da zaki duka suna cikin jimla, jamhurin malaman balaga suna kiransa tashbihi baligi. Sai an cire ɗaya daga cikin biyun ne ake samun isti'ara: a (4d) Audu ya ɓace, zaki ya tsaya a madadinsa (tasrihiyya), a (4e) zaki ne ya ɓace, ya bar rurinsa (makniyya). Faransawa suna yanke iyaka tsakanin (4b) da (4c), su kira (4c) métaphore in praesentia, (4d) kuma in absentia. Balaga tana yankewa tsakanin (4c) da (4d). Tsani ɗaya ne, kowa da matakin da ya ja layinsa. In an nuna wa ɗalibi tsanin gaba ɗaya, rigimar suna ta ragu ƙwarai, domin zai iya cewa "wannan mataki na uku ne" kowa ya gane shi, ko daga wane gida ya fito.

A lura kuma cewa mafi yawan abin da ake kira mutuntarwa, irin su "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa" ko "fari ya kore mu daga gari", ginin (4e) ne sak: an ɓoye mutumin, an bar aikinsa. Ba wani ado ne na dabam ba, reshe ne na wannan.

3. Giɓin da ke tsakiya

Fontanier ya raba aron ma'ana cikin kalma guda zuwa uku: ta kama (métaphore), ta dangantaka (métonymie), da ta haɗuwar sashe da gaba ɗaya (synecdoque). Jakobson a 1956, yana nazarin masu ciwon da ke lalata magana, ya nuna cewa kama da maƙwabtaka su ne turaku biyu na harshe, har mutum yana iya rasa ɗaya ya riƙe ɗaya. Balaga ma ta san wannan, tana kiran aron da ba na kama ba majazi mursal, ta lissafa alaƙoƙinsa: sababi, sashe, wuri, kayan aiki da sauransu.

Jerin kalmomin Hausa da ɗalibanmu suka haddace kuwa ya cika da rassan turke na farko, na biyun babu wata kalma da kowa ya yarda da ita. Alhali maganarmu cike take da shi:

(5) a. Tukunya ta tafasa.
b. Fada ta hana.
c. A girmama furfura.
d. Ya tuɓe kaki.
e. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ba tukunya ce ke tafasa ba, ruwan cikinta ne. Fada gini ce, sarki da mutanensa ne suka hana. Furfura tana madadin mai ita, kaki yana madadin aikin soja, hannu yana madadin mutum. Ɗalibin da ba shi da suna ga wannan sai ya tura (5a) da (5b) cikin mutuntarwa, ya tura (5c) da (5d) cikin alamtarwa, abin da ya rage ya ce siffantawa ce. Ta haka alamtarwa ta zama rumbun da ake zuba duk abin da aka rasa inda za a kai shi. Genette ya yi kuka a 1970 cewa ilimin balagar Turai ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma métaphore ita kaɗai. Mu ba mu ma jira ƙarnoni ba, da ƙanƙantaccen muka fara.

Muna ba da shawarar gwaji biyu masu sauƙi, waɗanda nahawun Hausa da kansa ya tanada. Na farko gwajin kamar: in aron na kama ne, ana iya mayar da kamar tsakanin abubuwan biyu, magana ta zauna (Audu kamar zaki yake). In aka gwada shi a (5) sai a sami shirme: ruwa ba kamar tukunya yake ba, tsoho ba kamar furfura yake ba. Na biyu gwajin mallaka: in aron na kusanci ne, ana dawo da abin da aka ɓoye da -n, -r, ko mai (ruwan tukunya, mutanen fada, mai furfura, masu hannu). Gwajin nan kuma ba ya aiki a (1): Audu ba mai zaki ba ne.

Saura suna. Ba mu da sha'awar ƙara wata kalma mai -ntarwa a kan waɗanda ke akwai, kowa ya gwada furta "maƙwabtantarwa" sau uku zai gane dalili. Tun da isti'ara a Larabci ma'anarta aro, muna ganin a ce aron kama ga turke na farko, aron kusanci ga na biyu, sashe da gaba ɗaya kuma ya zama reshe na aron kusanci, kamar yadda balaga ta yi. Mun san abin da za a ce: a nazarin harshe mun riga mun ba aro aikin kalmomin da aka ɗauko daga wani harshe, ga shi za mu faɗa ramin da muka zargi siffantawa da shi. Haka ne. Abin da za mu ce kawai shi ne kalma ta biyu da ke manne da shi koyaushe tana raba gardama, abin da siffantawa ba ta da shi. In wani ya kawo wadda ta fi, sai mu bi shi.

4. Abin da ya riga ya zama nahawu

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi cikin kundaye, wadda za mu kira farautar ado: a bi matani layi-layi, a ƙidaya kamantawa kaza, mutuntarwa kaza, a zana jadawali, a rufe babi. Babban abin da ke kumbura lissafin shi ne irin waɗannan:

(6) bakin kogi, gindin itace, ƙafar gado, wuyan riga, kan dutse, cikin gari, bayan gida

An ba kogi baki, an ba gado ƙafa, don haka mutuntarwa, in ji ɗalibi. Amma da me kuma Bahaushe zai kira ƙafar gado? Fontanier ya keɓe wannan da sunan catachrèse, wato aron dole, ya ce ba ado ba ne, domin ado yana buƙatar zaɓi, a nan kuwa babu wata kalma da aka bari aka ɗauki wannan. Game da kan, cikin, bayan, gaban, abin ya ma wuce nan: sunayen gaɓoɓin jiki ne da suka zama kayan nahawu masu nuna wuri, kamar yadda ya faru a harsuna da yawa na Afirka.

Haka batun ci da sha, wanda Claude Gouffé ya yi nazarinsa tun 1966, Jaggar da Buba kuma suka koma kansa a 2009: ya ci gari, ya ci jarrabawa, ya ci amana; ya sha wahala, ya sha kashi, ya sha rana. Tsarin a bayyane yake, ci yana tafiya da rinjaye, sha da abin da ya auka wa mutum. Wannan abin nazari ne mai daɗi, irin wanda Lakoff da Johnson suka buɗe ƙofarsa a 1980, amma dukiyar harshe ce, ba gwanintar marubuci ba. Gwaninta tana farawa ne in marubuci ya tashi aron da ya yi barci, alal misali ya ce wani ya ci amana har ta shaƙe shi. A nan ci ya koma ci na gaske, da maƙogwaro da komai.

5. Habaici ba ironie ba ne

Mun bar wannan zuwa nan domin shi ne ya fi damunmu. Sauran kurakuran na rarraba ne. Wannan kuwa yana rage wa kalmar gida daraja.

An saba, in ana jera kalmomin Hausa da na Faransanci gefe da gefe, a sa habaici gaban ironie. Mu gwada. Wata mata tana sharar tsakar gida, kishiyarta tana zaune a inuwa, sai ta dubi kaza ta ce:

(7) Ke dai kullum ci, ba ƙwai.

Kowa a gidan ya san habaici ne. Ina juyin ma'ana a ciki? Babu. Mai maganar ba ta faɗi kishiyar abin da take nufi ba, abin da take nufi ta faɗa, wanda take nufi da shi ne ta sauya. Za a iya cewa akwai aron kama tsakanin kaza da kishiya. To a cire shi:

(8) Wasu dai ba su san ana shara a gidan nan ba.

Babu aro ko ɗaya a (8), kowace kalma tana kan ma'anarta, kuma habaicin yana nan daram. Ashe habaici ba a cikin kalma yake ba, yana cikin tsarin masu magana ne. Sharuɗɗansa, a yadda muka fahimta, su ne: wanda ake nufi yana ji ko kuma maganar za ta kai gare shi, ba a ambaci sunansa ba, akwai masu sauraro da suka gane, kuma mai magana ya bar wa kansa ƙofar fita ("ni da kaza nake"). Daga wannan na ƙarshe ne ƙarfin habaici yake fitowa, domin wanda aka yi wa yana cikin tarko: in ya yi shiru ya haɗiye, in ya tanka ya tsargu, ya tabbatar da zargin da bakinsa. Karin magana ya riga ya faɗi ƙa'idar: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya yi daidai da ironie, a ma'anarta ta faɗin kishiyar abin da ake nufi, shi ne gatse:

(9) a. Sannu da aiki! (ga wanda ke kwance tun safe)
b. Fasa ta mana, ai muna da wata! (ga yaro mai wasa da ƙwarya)

A nan an fuskanci mutum kai tsaye, ba a ɓoye shi ba, ma'ana ce aka juya. (9b) ma yana da suna na musamman wurin Fontanier, épitrope, wato izinin da ake bayarwa domin a hana. Gatse ya dogara ƙwarai da karin murya, shi ya sa yake wuyar kamawa a rubuce, sai marubuci ya taimaka da abin da ke kewaye da shi. Ke nan gatse yana juya abin da aka faɗa, habaici yana juya wanda aka faɗa wa. Ana iya haɗa su cikin magana ɗaya, amma haɗuwarsu ba ta mayar da su abu ɗaya ba.

In dole ne a nemo wa habaici maƙwabci a wasu gidaje, akwai biyu da suka fi ironie kusa. A balaga akwai ta'arili, wanda as-Sakkaki ya sa cikin rassan kinaya: a faɗi magana ta gefe, mai ji ya gane da shi ake. A Faransanci akwai abin da Kerbrat-Orecchioni (1986) ta kira trope communicationnel, inda wanda ake yi wa magana a fili ba shi ne ake nufi da ita ba. Wannan ya dace da (7), kuma ya dace da gugar zana, inda ake yi wa wani magana domin na kusa da shi ya ji. Abin lura shi ne sai a ƙarshen ƙarni na 20 nazarin harshe na Faransa ya ba wannan suna, bayan aikin Austin kan magana a matsayin aiki ya shigo musu a fassarar 1970. Hausa kuwa tana da kalmomi aƙalla uku a wannan fage, habaici, gugar zana da shaguɓe.

Wannan ya kai mu ga abin da muke ganin shi ne ainihin bambanci tsakanin rijiya ta farko da sauran biyun. Kalmomin Fontanier da na babin bayani suna tambaya: me ya sami ma'anar kalma? Kalmomin gida suna tambaya: wa ya yi wa wa me, a gaban wa? Zambo, alal misali, ba a gane shi da wani gini na jimla. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna yin sa da kamantawa, da aron kama, da kambamawa, duk abin da ya zo hannu. Abin da ya sa ya zama zambo shi ne an zana munin abokin hamayyar ubangida, a jikinsa ko halinsa, har kowa ya shaida shi, domin a ɗaukaka wanda ake yi wa waƙa. Kirari shi ma haka, ta fuskar yabo. Kuma kalmomi iri ɗaya suna sauya suna in dangantaka ta sauya: abin da zai zama cin mutunci tsakanin baƙi biyu wasa ne tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko tsakanin taubasai. Wannan al'ada ta wasan dangi ta Nijar ta shiga jerin UNESCO na gadon al'adu a 2014, amma jadawalin adon harshe da muke ba ɗalibai ba shi da gurbin da za a rubuta wane ne mai magana ga wanda yake yi wa magana.

Saboda haka muna ganin kuskure ne a jera habaici da zambo da gatse layi ɗaya da kamantawa da siffantawa ƙarƙashin kai guda, kamar dukansu ƴan ɗaki ɗaya ne. Ya kamata a yi babi biyu: na aron ma'ana, da na ayyukan magana. A babi na biyu kalmomin gida ne za su ja gaba, a bayyana su da sharuɗɗansu kamar yadda muka gwada a sama, Faransanci ya zo a matsayin bayani in an buƙace shi.

6. Fuskar kama

Mu koma ga (1) da maganar maki. Abin da muka tsayar a namu darasin shi ne mu karɓi kowane suna daga cikin huɗun, muddin ɗalibi ya faɗi gidan da yake magana daga ciki, amma mafi yawan makin ya tafi ga rukuni na huɗu, fuskar kama, wanda babu jadawalin da zai fitar da shi. Me aka ɗauko daga zaki aka kai wa Audu, jarumta ko sarauta ko ban tsoro? Me aka ɗauko daga kura a (3), haɗama ko tsoro ko ɗauke-ɗauke? Amsar tana ga matani da al'ada, kuma a nan ne wanda ya yi karatunsa da Faransanci ya fi zamewa: chouette tsuntsuwar hikima ce tun zamanin Girkawa, mujiya kuwa baƙin jini gare ta, wayon da Bafaranshe ke ba renard, Bahaushe dila da gizo yake ba.

Kalmar baƙin jini da ta faɗo mana yanzu ita kanta ta isa darasi guda. In aka yi mata gwajin kamar gaba ɗayanta ba ta amsawa, haka gwajin mallaka. Sai an rarraba ta: jini yana madadin mai shi da yanayinsa, wannan aron kusanci ne; baƙi yana ɗauke da abin ƙi kamar yadda fari ke ɗauke da abin so, wannan aron kama ne. Aro biyu ne a kan juna, na biyu yana hawa na farko. Haka farin ciki, baƙin ciki, jan hali, jan wuya, sanyin hali, taurin kai: gaɓa ko hali a gefe ɗaya, launi ko yanayin taɓawa a ɗaya gefen. Ɗalibin da aka koya wa cewa kowace magana suna ɗaya take da shi zai tsaya a nan ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya. Wanda aka ba gwaje-gwajen biyu zai yi su bi da bi, ya rubuta abin da kowanne ya fitar.